Jiƙon Aduwa a Tankin Tarwada

Litinin, 3 ga Nuwamba 2014, bayan la'asar

Mai unguwarmu, Jauro Bappayo, ya kawo mini baƙi, bai ko tambaye ni ba. Tsayawa ya yi a ƙofar gida ya ce, "Hedimasta Hamajoɗa, kai kana da ɗaki a baya." Tun da Mubi ta faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya, waɗanda muke kira mutanen daji, ranar Laraba, babu gidan da ba a cusa wa wani ba a nan Rumde. Ni rabona mutum biyu ne: wani dattijo siriri mai suna Badamasi, masunci, da matarsa Na'inna, wadda ƙafafunta suka kumbura saboda tafiyar kwana huɗu a ƙasa. Buta ɗaya suka zo da ita. Na buɗe baki zan tambayi ina 'ya'yansu, matata Asta ta harare ni, na rufe.

Ɗakin yana kallon tankunan kifina guda uku, wannan ne bai yi mini daɗi ba. Shekara talatin da ɗaya ina fama da 'ya'yan mutane a aji. Da na ajiye alli sai na gina tankunan nan, don in zauna da halittar da ba ta mayar da magana. Ba na son idon kowa a kan tarwadata.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Kifin tanki na ɗaya da na biyu ba lafiya. Gyambo a gefen jiki, baki ya yi fari, wasu sun tsaya a ruwa kai sama kamar masu jiran mota. Na tsame sha ɗaya matattu. Na hau keke zuwa cikin Jimeta, na tarar da shagon maganin dabbobi a kulle. Maƙwabcinsa ya ce mai shi ya kwashe iyali ya yi Gombe. Duk mai mota yana ɗaure katifa a sama.

Na dawo na yi abin da na saba. Zogale, tafarnuwa da ganyen shuwaka, na daka na tace, na yayyafa ruwan a kan abincinsu, sannan na shanya. Badamasi yana zaune a dakali yana kallo. Ya ce, "Wannan yana da kyau, Malam. A rage musu abinci kuma, a yawaita canjin ruwa."

Ni dai ban ce ya ba ni shawara ba.

Alhamis, 6 ga wata, la'asar

Na tarar Badamasi ya ɗinke mini ragar tsamo kifi da ta yage tun damina. Ɗinkin ya fi na kanti kyau, wannan ma ya ba ni haushi. Na ce useko, godiyarmu ta Fulatanci, a ciki-ciki. Asta ta ce mutumin nan ba ya iya zama hannu sake, in ya zauna tunani ne ke cinsa.

Juma'a, 7 ga wata, bayan an sauko daga masallaci

A ƙofar masallaci 'yan banga suna lalube mutane ɗaya bayan ɗaya. Shugabansu Ɗanburam ne, wanda na kora daga aji biyar saboda ya fasa wa ɗan ajinsu kai da dutse. Yau shi ne mai bindiga, layu har gwiwar hannu. Wani mutum ya ƙi buɗe jakarsa, suka rufe shi da gora har ya daina kare kansa. Da aka zazzage jakar, garin kwaki ne a ciki da rigar jariri. Muka tsallake jinin muka shiga sahu.

Magana ta cika gari, wai akwai 'yan leƙen asiri cikin 'yan gudun hijira, wai guba za su zuba a rijiyoyi. Kowa ya ji ne daga wanda ya ji.

Matattu ashirin da shida yau. Zogalen nan tafiyar hawainiya yake yi.

Lahadi, 9 ga wata, da hantsi

Na tuna mahaifina Baaba, Allah ya ji ƙansa. Duk sanda shanunmu suka rame, sassaƙen aduwa yake jiƙawa ya ɗura musu, kwana uku su miƙe. Na sa aka saro mini buhu guda daga bayan gari. Ina cikin daka Badamasi ya taso, karo na farko da na ga ya yi sauri.

"Malam, wannan na mene ne?"

Na ce na kifi ne.

"Subhanallahi! Ai da aduwa muke kama kifi. In ruwa ya janye, mu daka mu zuba a gurbi, kafin azahar duk sun taso ciki sama. Saniya daban, kifi daban. Shi a cikin ruwan yake numfashi."

Na ce masa ni a abinci zan sa, kuma abin da ya fito daga itace ba kemikal ba ne, maganin iyaye da kakanni ne. Ya ce guba ma a daji take tsirowa. Ya ce in gwada a bokiti da kifi biyar tukuna, su kwana ɗaya mu gani. Asta tana tsaye da tsintsiya tana ji. Da mu biyu ne, wataƙila da na gwada. Amma mutumin da ya zo gidana da buta ne zai koya mini karatu a gaban matata? Na ce, "Baƙo, ɗaki aka ba ka, ba makaranta ba." Ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri," ya koma dakalinsa.

Na tafasa jiƙon har ya yi kauri, yana kumfa kamar sabulu.

Litinin, 10 ga wata, magariba

Na ba na ɗaya da na biyu. Ragowar jiƙon ma na juye musu a ruwa don kada ya tafi a banza. Na uku ƙanana ne, lafiyarsu ƙalau, ban taɓa su ba. Na nemi buhun sassaƙen ban gan shi ba.

Talata, 11 ga wata, bayan asuba

Duka sun mutu.

Talata, la'asar

Ban san yawan kifin da ke cikin tankunan nan ba sai da na gan su kwance a saman ruwa, fari fat, babu wurin sa yatsa. Wata biyar ina riga zakara tashi saboda su. Na yi ihu. Na yi jifa da bokiti, na fasa randar Asta. Maƙwabta suka shigo a guje, abin da suka ji ina faɗa shi ne, "Wa ya taɓa mini ruwa?" Na faɗa ya fi sau goma. Badamasi yana cikin tanki har ƙugu, yana tsamo masu sauran motsi yana jefawa a baho mai ruwa mai kyau. Ko kallona bai yi ba. Su ma ba su kai azahar ba.

Na ce a binne. Wa zai binne kifi a unguwar da gida ɗaya ke ciyar da baki talatin? Kafin in juya, matan unguwa sun cika kwanoni. Har yanzu ana ɗiba, alhali ya wuni a rana ya fara wari.

Laraba, 12 ga wata, la'asar

'Ya'yan maƙwabciyarmu Khadijat su uku suna amai da gudawa tun safe. Kifin suka ci.

'Yan banga sun tafi da Badamasi.

Na canza ruwan tanki na uku.

Alhamis, 13 ga wata, da safe

Na canza ruwa.

Asta ta ajiye mini koko ta juya abinta. Shekara ashirin da takwas ban taɓa jin gidan nan shiru haka ba. Na'inna tana zaune a bakin ƙofar ɗakinsu, ta fuskanci hanya. Ba kuka take yi ba. Da ma kukan take yi.

Akwai wani wuri a ƙasa kusa da turmi da na zuba wa toka. Kaji sai tonowa suke yi.

Juma'a, 14 ga wata, la'asar

Yaran sun warke. Malamar asibiti ta ce ruɓaɓɓen kifi ne kawai, amma wa zai saurare ta? Gari ya riga ya gama shari'a. An ce maharba da 'yan banga sun kori mutanen daji daga Mubi, saboda haka yau duk mai gora jarumi ne, har guɗa ake yi musu.

A majalisa ana ta yi mini jaje da barka, wai Allah ya rufa mini asiri, na kwana tara da maciji a gida. Wani ya ce da kifi ya fara gwaji, rijiyar masallaci ce ta gaba. Na ce uhm. Na shanye shayin da aka saya mini.

'Yan banga suna tsare da Badamasi a tsohon shagon niƙa da suka mayar ofis. Hanyar kasuwa ta nan ta bi. Na ji ƙarar bulala, na ji Ɗanburam yana cewa, "Su waye sauran? Faɗi sunan!" Ban ji muryar mai amsawa ba. Da zan dawo ta bayan makaranta na zaga.

Asabar, 15 ga wata, azahar

Na canza ruwa sau biyu. Ba sa bukata.

Lahadi, 16 ga wata, da hantsi

Asta ta yi magana. Ina tsugune ina wanke baho ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, ni na gani da idona. Kai ne ya daka, kai ne ya zuba. In ba ka faɗa ba ni zan je in faɗa, ko da za ka sake ni." Na ɗaga hannu. Ban taɓa ɗaga mata hannu ba tun da muke. Ta tsaya tana kallon hannun har ya sauko da kansa.

To bari in rubuta, tunda na kasa faɗa.

Ranar Laraba 'yan banga sun shigo sun fi su goma, jama'a a bayansu. Ɗanburam ya ce, "Sa, kai ka ce an taɓa maka ruwa. Waye yana zuwa wurin tankin nan bayan kai?" Tsakar gida cike take, ga iyayen yaran da ke kwance, ga mutanen da na koya wa ABCD. Abin da zan ce ɗan kaɗan ne: ni ne, kuskure na yi. Wallahi na ji shi a bakina. Abin da ya fito shi ne, "Sai dai baƙo."

Suka shiga ɗakin suka fito da buhun sassaƙen daga bayan ƙofa. Sai a lokacin na gane inda ya shiga. Ɗauke shi ya yi ya ɓoye don kada in ƙara. Ɗanburam ya tambaye shi, "Wannan yana kashe kifi?" Bawan Allah, ko ƙarya bai iya ba. Ya ce, "Yana kashewa." Ya juyo ya dube ni, yana jira in ƙarasa.

Gorar farko a kunne ta same shi. Ya faɗa kan turmi, goshinsa ya tsage. Suka hau shi da ƙafa da gindin bindiga, wani ya ɗauki taɓaryar Asta. Khadijat da kanta ta jefe shi da dutsen murhu. Na'inna ta kwanta a kansa, suka fizge ta ta gashi suka wurgar. Suka ɗaure hannuwansa ta baya da igiyar guga har kafaɗarsa ta yi ƙara, suka ja shi a ƙasa zuwa waje. Takalminsa ɗaya yana nan har yanzu. Duk wannan ina tsaye riƙe da tiyo, ruwa yana zuba a ƙafata.

An ce baki shi ke yanka wuya. Nawa bakin wuyan wani ya yanka. Ina jin kunya, ina jin tsoro, kuma tsoron ya fi yawa. Wannan ita ce gaskiyar hedimasta.

Litinin, 17 ga wata, azahar

Na je wurin Jauro na faɗa masa a zaure, murya ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Hedimasta, ka makara. Jibi za su miƙa shi ga sojoji, kuma ka san wanda aka miƙa da wannan suna ba a zuwa tambayarsa. In ka je da baki kawai za su ce tausayi ne, ko su ce kai ma nasu ne. Yaran nan yanzu ko ni ba sa ji." Na ce to yaya zan yi? Ya ce, "Ni dai ban ji komai ba."

Rawanin ya fi kan girma. Amma ni da wane baki zan zage shi?

Jibi. Na tambayi Asta ina tukunyar da na tafasa jiƙon. Ta ce, "Yana ɗakin ajiya, ban wanke ba."

Talata, 18 ga wata, bayan magariba

Da hannun hagu nake rubutu, sai a hankali.

Ƙarfe goma na ɗora bokiti da tarwada biyar daga tanki na uku a baro, da tukunyar, da littafin nan. Asta tana bayana. Kafin mu isa shagon niƙa rabin unguwa na biye da mu, sun zaci wata shaida na kawo da za ta ƙarasa shi.

Na tsaya kamar yadda nake tsayawa a gaban asambili. Na karanta abin da na rubuta ranar tara da ranar goma ga wata. Na karanta har wurin "ɗaki aka ba ka, ba makaranta ba." Ɗanburam ya fizge littafin, ya bi layin da yatsa yana motsa leɓe, yadda yake yi tun yana aji uku. Ya duba shafin baya, ya duba na gaba. Ya ce, "Rubutunka ne, Sa. Na san shi. Da shi ka kore ni."

Wani ya ce ai jiya zan iya zama in rubuta. Asta ta fito gaba, ita da ba ta taɓa ɗaga murya a titi ba, ta ce, "Ku kawo Alƙur'ani. Mijina ne ya daka, baƙon ya hana shi, ya zage shi." Na ɗauraye tukunyar da ruwa, kumfar ta tashi, na juye a bokiti. Muka tsaya. Mutum sama da ɗari suna kallon kifi biyar. Suka fara haukan zagaye, suka yi ta dukan gefen bokiti, suka taso suna buɗe baki. Kafin a kira azahar, kifi na ƙarshe ya kife.

Mijin Khadijat ne ya fara. Gora a wuyan hannu, na ji ƙashin ya amsa. Na faɗi, aka sa mini ƙafa a baki, haƙora biyu na tofar. Ina jin Asta tana ihu da Fulatanci. Wani yana cewa a kawo taya. Ɗanburam ya harba bindiga sama, aka ja baya. Na zaci cetona ya yi. Ya ɗago ni ta wuyan riga ya sharara mini mari, ya ce, "Kwana shida, Sa! Kwana shida muna dukan mutum! Ranar Juma'a na gan ka ka wuce ta nan!" Idonsa ya yi ja. Ban sani ba ko fushi ne ko wani abu.

Suka fito da Badamasi a kan tabarma, mutum huɗu. Wari ne ya riga shi fitowa. Da ba don gemun ba da ban gane shi ba. Fuska ta kumbura ta rufe ido, yatsun hannu sun karkace, jini ya bushe a kunnuwansa duka biyu har wuya. Na'inna ta tsuguna ta share masa baki da gefen zane. Aka sa shi a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. Ni Asta ce ta turo ni gida a baro, ba wanda ya kama mata.

Yana da rai. Ba za a miƙa shi ba.

Laraba, 19 ga wata, da safe

An zuba baƙin mai a tanki na uku. Ban tambayi kowa ba.

Alhamis, 20 ga wata, la'asar

Mai ɗori ya zo ya tafi. Na yi wa mutane sallama a ƙofar masallaci, mutum ɗaya ne ya amsa, shi ma baƙo ne. Asta ta kai abinci asibiti. Ta ce Na'inna ta karɓa, ta ce a gaishe da gida. Ba ta ce a gaishe ni ba.

Asabar, 22 ga wata, da hantsi

An sallame shi. Na'inna ta sami wata 'yar ƙauyensu a unguwar Dubeli, can za su zauna. Sun biyo ta nan a keke don ta yi sallama da Asta. Shi bai sauko ba, yana zaune a baya, hannuwansa biyu a naɗe a kan cinya.

Mutane suka firfito bakin ƙofofi. Na so in ɓuya a zaure, Asta ta ce, "Fita." Na fita. Na sunkuya kusa da shi yadda ba wanda zai ji, na ce, "Malam Badamasi, ka yafe ni."

Ya tsura wa bakina ido.

Na'inna ta ce, "Ɗaga murya. Likita ya ce kunnuwan duka biyun sun fashe."

Na ɗaga. Bai motsa ba. Na ƙara ɗagawa. Na buɗe muryar da nake tsayar da yara ɗari shida da ita, na ce, "Ni na kashe kifina! Ka hana ni na ƙi ji! Na yi maka ƙazafi! Ka yafe ni don Allah!" Masu shago sun ji, matan da ke bayan katanga sun ji, har mai faci a bakin titi ya ajiye abin da yake yi ya juyo.

Badamasi ya yi ɗan murmushi irin na mutumin da ba ya son a ji kunya saboda shi. Ya juya wurin matarsa, ya yi magana da ƙarfi fiye da kima, yadda kurame ke yi: "Me Malam yake cewa? Ƙananan nan sun rayu?"

Na'inna ta dube ni. Ita kaɗai za ta iya isar masa da maganata, ko da hannu ne. Ta gyara masa hula, ta taɓa kafaɗar mai keke ta ce, "Mu je."